Tsohon Injin Niƙa: Yadda Za Mu Kula da Shi, Mu Gyara Shi

 Darasinmu na wannan fitowa a kan injin niƙa yake, musamman wanda ya daɗe yana aiki.

Kowa ya san abin da ke faruwa ran da inji ya tsaya a gari. Mata su koma ga turmi da taɓarya da dutsen niƙa. Wadda ta sha tafiya zuwa rijiya tun da asuba, ta dawo ta kama daka. Tuwon dare ya makara, yara su yi barci ba su ci ba. A tsai da ƴan mata a gida don su taya aiki, makaranta ta wuce su. Mai inji kuwa, ko ƙungiyar matan da ke da shi, abin da aka tara ya tafi wajen gyara, wani lokaci har da bashi.

A Belbeji da ƙauyukan kwarin Tarka, da Gangara, da Tanut, gwanin makaniki ba a bakin ƙofa yake ba. Daga Tanut zuwa Zinder kusan kilomita 150 ne. Kayan gyara da yawa sai an aika Zinder ko Maradi, wasu ma sai Kano. Masu tuƙa jirgin ruwa a teku sun san irin wannan hali. In inji ya tsaya musu a tsakiyar ruwa, babu garejin da za su nufa. Shi ya sa kowane matuƙi yake koyon aikin injinsa, yana kuma tafiya da kayan gyara. Mu ma da ke nesa da birni, haka ya kamata mu yi. Abin da za mu faɗa a nan zai amfani mai kula da injin jan ruwa da mai injin wuta, muddin da gazuwal suke aiki.

1. Daga ina injin ya fito?

Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙago irin wannan inji. Injinsa ya fara aiki sosai a shekarar 1897. Daga sunansa aka samo kalmar dizal, wato man da mu a nan muke kira gazuwal.

Injuna iri biyu muka fi gani a ƙauyukanmu. Na farko shi ne mai tsayuwa, mai manyan ƙafafun ƙarfe biyu masu juyawa, wanda ake kira Lister. Wani kamfani na garin Dursley a Ingila ya fara ƙera shi wajen shekarar 1930, ya daina a 1987. Amma masana'antun Indiya, musamman na birnin Rajkot, sun ci gaba da ƙera irinsa. Akwai mai ƙarfin doki 6, yana juyi 650 a minti ɗaya. Sannu yake tafiya, shi ya sa yake daɗewa.

Na biyu shi ne na ƙasar Sin, mai kwanciya, mai tukunyar ruwa a bisansa. Wannan yana juyi wajen 2,000 a minti ɗaya. Ya fi sauƙin ɗauka, amma saboda saurinsa ya fi bukatar a riƙa duba shi.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Tsohon inji da aka kula da shi yakan fi sabon da aka yi wa sakaci.

2. Yadda yake aiki

A cikin inji akwai wani rami kamar turmi. A cikin ramin akwai ƙarfe mai kai da komowa, ana ce masa fistan. A jikin fistan akwai zobba, makanikai na ce musu ringi, su ne ke hana iska sulalewa. A kan ramin akwai ƙofofi biyu ƙanana, ana ce musu bawul. Ɗaya ta shigar iska ce, ɗaya ta fitar hayaƙi.

Aikin mataki huɗu ne:

Na ɗaya, fistan ya ja baya, iska ta shiga.
Na biyu, ƙofofi su rufe, fistan ya matse iskar. Matsin yana da ƙarfi ƙwarai, har zafin iskar ya wuce digiri 500.
Na uku, wani ɗan bututu mai suna nozul ya fesa gazuwal cikin iskar mai zafi. Nan take ya kama da wuta, ya tura fistan da ƙarfi.
Na huɗu, ƙofa ta buɗe, hayaƙi ya fita. Sai a sake farawa.

Wanda ya gane wannan ya gane rabin gyara. Inji yana bukatar iska mai tsabta, da gazuwal mai tsabta, da matsi mai ƙarfi. Yana kuma bukatar mai don ƙarafa su yi santsi, da ruwa don ya huce. In inji ya ba da wahala, cikin waɗannan biyar ne ɗaya ya samu matsala.

3. Iska

Babban abokin gabar inji a Damargu shi ne ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Maris hazo yana rufe ƙasa. A ɗakin niƙa kuma ga ƙurar gari. Ƙurar rairayi in ta shiga inji, tana cin ringi da bangon ramin kamar yadda dutse ke cin wuƙa. Sannu a hankali matsi ya ragu, inji ya rasa ƙarfi.

Matacin iska ne ke tare ta. Iri biyu ne. Akwai mai ɗan kwano da mai a ciki. Wannan a buɗe shi, a zubar da man da ya yi laka, a wanke kwanon da ragar da gazuwal, a bar su su tsane, a zuba sabon mai daidai layin da aka zana. Akwai kuma na takarda. Wannan ba a wanke shi. A kakkaɓe shi a hankali. In ya huje ko ya toshe, a sa sabo.

Lokacin hazo, a duba mataci kowace rana. Kada a taɓa tayar da inji babu mataci, ko na minti biyar ne. In da hali, a yi katanga tsakanin inji da wurin da gari ke zuba, don inji ya shaƙi iskar waje.

4. Gazuwal

Matatar man ƙasarmu, SORAZ, a nan Damargu take, kusa da Bakin Birji, cikin gundumar Tanut. An buɗe ta a watan Nuwamba na 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana. Amma tsakanin matata da ƙauye, mai yana ratsa hannuwa da yawa. Yana shiga tano, ya shiga bido, ya shiga kwalba. A nan ne ƙasa da ruwa da tsatsa ke shiga cikinsa. Wani lokaci ma akan gauraya shi da kananzir.

Ramin bakin nozul ƙarami ne ƙwarai. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta ɓata shi. Ruwa kuma yana sa famfon gazuwal ya yi tsatsa. Nozul da famfo kuwa suna cikin kayan inji mafi tsada. Saboda haka:

A sayi gazuwal wurin wanda aka amince da shi. Araha ba ta ado.
A bar shi ya kwana cikin bido kafin a zuba. Ruwa da datti sun fi shi nauyi, za su kwanta a ƙasa. A tsiyayi na sama, a bar na gindi don wanke ƙarafa.
A yi amfani da mazurari mai tsabta, a shimfiɗa ƙyalle marar zare a bakinsa.
Da damina, a cika tanki da yamma bayan an tashi aiki. Tankin da ya kwana babu mai yana tara raɓa a ciki.
Kada a bar tanki ya ƙare ƙarƙaf. In ya ƙare, iska za ta shiga bututu, inji ya ƙi tashi.
A canja matacin gazuwal a kan lokaci.

5. Man inji

Man inji, wato baƙin mai, shi ne ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Kowace safiya, kafin a tayar da inji, a zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin layi biyu. In ya gaza, inji zai ƙone. In ya wuce, inji zai yi hayaƙi.

A dubi launin man kuma. Baƙi ba laifi ba ne a injin gazuwal. In ya yi fari kamar an zuba masa nono, ruwa ya shiga ciki, a tsaya a kira makaniki. In ya yi tsararo, yana warin gazuwal, yana kuma ƙaruwa da kansa, to gazuwal ne ke yoyo a ciki. Shi ma aikin makaniki ne.

Juyen mai, wanda ake kira bidanji, da awa ake lissafa shi. Ga injin Sin, akan juye bayan awa 100 na aiki. Mai tafiya sannu yakan kai awa 250. A wurin da ƙura ta yi yawa, gara a juye kafin lokacin. In an sa sabon ringi ko sabon fistan, a juye bayan awa 50 na farko.

Ga misali. Inji yana aiki awa 5 a rana. Awa 100 a raba da 5, ya ba da 20. Ke nan kowane kwana 20 za a yi bidanji.

A juye mai lokacin da inji ke da ɗumi, don dattin ya biyo shi. A zuba mai mai lamba 40, ko mai lamba 15W40, wanda aka yi don injin gazuwal. A sayi wanda ke cikin galan da ba a buɗe ba. Man da aka juye daga mota ba ya da sauran amfani a cikin inji, ko da an tace shi.

6. Ruwa

Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Lokacin ne injuna suka fi ƙonewa.

In injinku mai tano ne, ku lura da bututu biyu. Ruwan zafi yana hawa ta na sama, ya shiga tano. Mai sanyi yana komawa ta na ƙasa. Babu famfon da ke tura shi, zafi ne ke juya shi. Don haka dole ruwa ya rufe bakin bututun sama. In ya sauka ƙasa da nan, juyawa ta tsaya, inji ya ƙone alhali ana ganin ruwa a tano.

In mai tukunya ne, tafasar ruwan ba laifi ba ce, haka aka ƙera shi. Abin tsoro shi ne ruwan ya ƙafe. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Ruwan wasu rijiyoyi yana barin farin abu mai tauri, irin wanda muke gani a cikin butar shayi. Wannan yana manne wa cikin inji, ya hana shi hucewa. Ruwan sama da aka tara ya fi kyau. Ruwan tafki kuwa a bar shi ya kwanta, a tace shi tukuna.

In ruwa ya ƙafe, inji ya yi zafi ƙwarai, kada a kwarara masa ruwan sanyi. Kan injin zai tsage kamar tukunyar ƙasa. A kashe shi, a bar shi ya huce da kansa.

7. Aikin kowace rana

Kafin tashi: a duba mai, a duba ruwa, a duba gazuwal da matacin iska. A taɓa notuna, musamman na gindin inji. Girgiza tana kwance su.

Wajen tashi: a ɗaga ɗan hannun da ke sassauta matsi, a juya ƙarfen tayarwa har ƙafa ta ɗauki gudu, sannan a saki hannun. Babban yatsa ya kasance gefe ɗaya da sauran yatsu. In inji ya mayar da bugu, ƙarfen zai kuɓuce, bai karya yatsa ba.

Bayan tashi: a bar shi minti biyar ba tare da aiki ba, mai ya zagaya.

Kafin kashewa: a tsai da niƙa, a bar shi ya yi minti biyar yana hucewa.

Bayan kashewa: a goge shi sarai. A jikin inji mai tsabta ne ake ganin inda mai ya fara yoyo. In ya huce, a rufe shi.

Da hunturu inji yakan yi nauyin tashi. A zuba masa ruwan ɗumi a tukunya. Kada a hura wuta a ƙarƙashinsa, kada a zuba masa fetur a hanyar iska.

In za a ajiye shi ya daɗe ba aiki, a juye mai, a sa sabo. A juya ƙafa har ta kai inda take turjiya, a bar ta nan. A wurin ne ƙofofi biyu suke rufe, ƙura da danshi ba sa shiga.

8. Hayaƙi da ƙara suna ba da labari

Inji mai lafiya, in ya ɗauki ɗumi, hayaƙinsa kaɗan ne.

Baƙin hayaƙi: gazuwal ya fi iska yawa. Ko an ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa, ko matacin iska ya toshe, ko nozul ba ya fesawa daidai. A fara rage hatsin da ake zubawa, a duba mataci.

Shuɗin hayaƙi: inji yana ƙona baƙin mai. Ko an cika man ya wuce layi, ko ringi sun cinye.

Farin hayaƙi: da sanyin safiya, na ɗan lokaci, ba komai. In ya ƙi ɗaukewa, ko gazuwal ba ya ƙonewa sosai, ko ruwa yana shiga. In ruwan tano yana kumfa tun inji bai yi zafi ba, gasket ɗin kan inji ya ƙone.

Ƙara kuma, mai niƙa ya san muryar injinsa kamar yadda makiyayi ya san kukan raƙuminsa. In aka ji sabon bugu mai nauyi daga ciki, a kashe nan take. Wanda ya ce bari in ƙarasa tiya biyu, yana iya mayar da ƙaramin gyara ya zama sayen sabon inji.

Wani lokaci inji yakan ɓalle da gudu, ya ƙi mutuwa ko an rufe gazuwal. A toshe bakin hanyar iska da katako mai faɗi. Kada a sa tafin hannu.

9. In ya ƙi tashi

A bi a hankali, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Kada a fara da kwance inji.

Da farko, akwai gazuwal a tanki? Makunnin bututu a buɗe yake?

Na biyu, a fitar da iska daga bututu. A sassauta ɗan notin da ke kan matacin gazuwal. Mai zai fito da kumfa. A jira har ya fito babu kumfa, a ɗaure. A yi haka a wurin famfo. Sannan a sassauta notin bututun ƙarfe a wajen nozul, a ɗaga hannun sassauta matsi, a juya inji har mai ya tsarto, a ɗaure.

Na uku, a saurari nozul. In ana juya inji a hankali, nozul mai aiki yana yin wata ƴar ƙara, ƙiiƙ, a kowane fesawa. In shiru, ko mai bai iso ba, ko nozul ya toshe.

Na huɗu, a gwada matsi. A saki hannun sassauta matsi, a juya ƙafa da hannu. Inji mai lafiya zai turje. In ta wuce da sauƙi, matsi yana sulalewa. In ana jin huci ta hanyar iska ko ta bututun hayaƙi, bawul ne. In hucin ta wajen zuba mai yake fitowa, ringi ne.

A nan aikinmu ya tsaya. Gyaran nozul, da famfo, da bawul, da ringi, aikin makaniki ne mai kayan awo. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Amma wanda ya bi waɗannan matakai zai iya faɗa wa makaniki ta waya abin da ya gani, shi kuma ya taho da kayan da ake bukata a tafiya ɗaya. In za a aika sayen wani ƙarfe, a tafi da tsohon, a kuma rubuta lambar da ke jikin inji.

10. Bel, da farantai, da batir

Bel ne ke kai ƙarfin inji ga maniƙa. In ya yi sako-sako, zai riƙa zamewa, gazuwal ya tafi a banza. In ya yi tauri da yawa, zai cinye boris. A danna tsakiyarsa da yatsa, inji a kashe. Ya lotsa kamar kaurin yatsa ɗaya. Kada mai ya taɓa shi.

Farantan niƙa biyu na ƙarfe suna da haƙora. In haƙoran sun dakushe, mai niƙa yakan ƙara matse su. Inji ya wahala, gari ya yi zafi, ƙarfe ya goge ya shiga cikin abinci. A kai su a wasa da wuri. Bayan an wasa, a fara niƙa ɗan dusa a zubar, kafin a karɓi hatsin mutane. Kada a bar farantai suna gugar juna babu hatsi. Mata kuma su tsince tsakuwa da ƙusa kafin su kawo niƙa.

Wasu sun haɗa wa injinsu dinamo da batir don cajin waya. Kawunan batir su kasance da tsabta, a ɗaure. In ruwansa ya ragu, a ƙara ruwan batir na kanti, ban da na rijiya. In za a cire shi, a fara da waya mai alamar ragi. Kada a kusanto da wuta, domin batir yana fitar da iska mai fashewa. In ruwansa ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi gidan likita.

11. Lafiyarmu

Hayaƙi. Bututun hayaƙi ya fita waje, ya yi sama, nesa da inda mata ke jira. A cikin hayaƙi akwai iskar guba da ba a gani. Tana kawo ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, tana kuma kisa a ɗaki rufaffe. A shekarar 2012, masu bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya sun tabbatar cewa hayaƙin gazuwal yana haddasa sankarar huhu. Ɗakin inji ya samu tagogi biyu masu kallon juna.

Tufafi. Bel ba ya jin kuka. Bakin rawani, da hannun babbar riga, da gefen mayafi, duk yana iya fizge su. Mai niƙa ya sa tufafi masu kama jiki. A yi wa bel da ƙafafun inji shinge. Yara su tsaya a waje. Mace mai goyo ta miƙa kwaryarta daga bakin ƙofa.

Kunne da ƙirji. In sai kun ɗaga murya kafin na kusa da ku ya ji, ƙarar tana cin kunne. Jin da ya tafi ba ya dawowa. Mai niƙa ya nemi abin toshe kunne, ya kuma rufe hanci da baki saboda ƙurar gari.

Feshin nozul. Kada a tara hannu a gabansa. Yana huda fata, ya shiga nama. Ko da raunin ƙarami ne a ido, a tafi asibiti a ranar.

Tsohon mai. Ba magani ba ne. Kada a shafa shi a gyambo, kada a shafa wa raƙumi ko akuya mai ƙazuwa. A nemi ma'aikacin dabbobi. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko tafki.

Gazuwal a kwalba. Yaro yana iya ɗauka ruwa ne. A ajiye shi inda hannunsa ba ya kai. In ya sha, kada a sa shi amai, domin man zai shiga huhu. A kai shi likita da gaggawa.

Ƙuna. A zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a shafa mai ko toka.

Abin da ake niƙawa. Irin shuka da aka yi wa magani guba ne, kada ya shiga inji. Dutsen zinariya ma haka. A shekarar 2010, a jihar Zamfara ta Nijeriya, a yankunan Anka da Bukkuyum, aƙalla yara 400 sun rasu. Dalili shi ne an riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gari, a cikin gidaje. Dutsen yana da dalma, ƙurarta ta shiga ƙasa da abinci. Tun da aka samu zinariya a Jado a 2014, samarinmu da yawa sun san wannan aiki. Injin abinci na abinci ne kaɗai.

12. Littafi da asusu

A nan ne karatun da muka koya zai yi mana rana. A sayi littafi ɗaya don inji. A ja layuka biyar: rana, awa nawa ya yi aiki, lita nawa ya sha, tiya nawa aka niƙa, kuɗi nawa aka samu. A bayan littafin a rubuta ranar kowane bidanji da kowane gyara.

Littafin zai nuna ciwo kafin ya tsananta. Inji mai ƙarfin doki 8, in yana cikakken aiki, yana shan wajen lita 2 a awa. In kuka ga lita tana ƙaruwa, tiya ba ta ƙaru ba, to wani abu ya fara lalacewa.

Kuɗin da aka samu kuma, a fara cire na gazuwal da mai. A cire ladan mai niƙa. A cire na asusun gyara, a ajiye shi dabam, kada a ranta shi don biki ko suna. Abin da ya saura shi ne riba. In na ƙungiya ne, a karanta lissafin a gaban kowa sau ɗaya a wata. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Daga asusun nan a sayi kayan ajiya tun kafin damina ta ɓata hanya: bel ɗaya, matacin gazuwal biyu, matacin iska, gasket, nozul ɗaya, galan ɗin mai, da sifanu masu daidai da notunan injin.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne abubuwa biyar ne inji ke bukata?
2. Don me ake barin gazuwal ya kwana kafin a zuba shi?
3. Inji yana aiki awa 4 a rana. Bayan kwana nawa zai cika awa 100?
4. Me shuɗin hayaƙi ke nunawa?
5. Yaro ya sha gazuwal. Me za a yi, me ba za a yi ba?
6. Ku je ɗakin niƙa na garinku tare da malaminku. Ina bututun hayaƙi yake fita? Akwai shinge a jikin bel?

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa mai niƙan garinsu, in shi bai iya karatu ba. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai fitowa ta gaba.